Ruwan Randa da Ruwan Rijiya: Me Ke Sa Shafin Intanet Yin Kwantai?

Wata ranar Juma'a da daddare, na gama shirin kwanciya ke nan, sai wayata ta yi ƙara. Wani tsohon ɗalibina ne, wanda yanzu shi ke kula da shafin intanet na wata kwaleji mai zaman kanta. Bai ma bari mun gama gaisawa ba ya ce, “Malam, ina cikin tashin hankali. Hukumar makaranta ta ɗage jarrabawar shiga daga gobe Asabar zuwa Asabar ta sama. Tun ranar Laraba na sauya sanarwar, ga ta nan a gabana ina kallo. Amma yanzu masu gadi suka kira ni, wai akwai mutanen da suka iso daga nesa, sun shimfiɗa tabarmi a bakin ƙofa suna jiran wayewar gari. Sun nuna wa masu gadin wayoyinsu, tsohuwar ranar ce a jiki.”

Na ce masa ya ajiye kwamfutarsa, ya ari wayar wani a gidan, ya buɗe shafin da ita. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Malam, a nan ma Asabar ɗin gobe ce.”

Shi bai yi ƙarya ba, baƙin da ke bakin ƙofa ma ba su yi ba. Adireshi ɗaya ne yake raba sanarwa biyu: sabuwa ga mai gida, tsohuwa ga jama'ar da aka rubuta ta dominsu. Kwana biyu cur shafin ya yi yana miƙa wa mutane kwantai ba wanda ya lura, domin duk masu ikon gyarawa suna cikin waɗanda ake ba sabo. Cikin waɗanda suka kwana a bakin ƙofar har da wani dattijo da ya rako 'yarsa, wanda ya ce sai da ya sayar da waken da ya ajiye kafin ya haɗa kuɗin mota. Saboda wannan dattijo na ga ya dace mu tattauna matsalar a wannan mako. An daɗe ana ɗaukar ta a matsayin ƙaramar rigimar masu kwamfuta, alhali wanda ke biyan kuɗinta sau da yawa ko kwamfutar bai taɓa mallaka ba.

Rijiya da randa

Idan mai karatu ya latsa adireshi a wayarsa, buƙatarsa kan tafi wurin wata kwamfuta da ba ta barci, wadda ake kira uwar garke. A yawancin shafukan zamani babu wani kammalallen shafi da ke zaune yana jiran mai karatu. Rubutu yana cikin rumbun bayanai, hotuna suna wani wuri, tsarin ado yana wani wurin daban. Sai buƙata ta iso sannan manhajar da ke tafiyar da shafin, irin su WordPress da ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, za ta yi ta tambayar rumbun, ta harhaɗa amsoshi, ta ɗinka shafi, ta miƙa. Idan mutum dubu suka zo, sau dubu za ta maimaita aikin, ko da abu ɗaya suke nema.

Wannan tamkar a ce duk wanda ya ji ƙishirwa a gida sai ya ɗauki guga ya nufi rijiya ne. Babu gidan da ke yin haka. Akan ɗebo ruwa sau ɗaya a cika randa, kowa ya riƙa sha daga nan. Randar ita ce ma'ajiyar wucin-gadi, wadda masu sana'ar ke kira kash: da zarar an ɗinka shafi sau ɗaya, sai a ajiye kwafinsa, a riƙa miƙa wa masu zuwa daga baya ba tare da an sake wahalar da rumbu ba.

Dabarar tana da amfani sosai, kuma 'yan jarida na cikin waɗanda suka raya ta. Manhajar Varnish, wadda ta shahara wajen wannan aiki, jaridar VG ta ƙasar Norwe ce ta sa aka ƙirƙiro ta don shafinta ya iya ɗaukar cunkoson masu karatu. Wani masani ɗan Denmak, Poul-Henning Kamp, shi ya tsara ta, ta fito a 2006. Mu kuma da ke wannan yanki muna da ƙarin dalili, wato nisa. Shafukanmu da yawa suna zaune ne a injinan haya da ke Turai ko Amurka. Haske na tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya cikin wayar gilashi, tsakanin Legas da Landan kuwa akwai kimanin kilomita 5,000. Zuwa da dawowa sau ɗaya ba ya ɗaukar lokaci, amma shafi guda kan buƙaci a je a dawo sau da dama kafin ya kammala buɗewa. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga wani hali a Najeriya, kowa ya gane cewa rijiyar tana da nisa. Randa a kusa da gida alheri ce.

Aibin randa ɗaya ne: ba ta san abin da ya faru a rijiya bayan an ɗebo ruwanta ba. Don haka ƙa'idar sadarwar shafuka, wato HTTP, ta tanadi hanyar sanya wa kowane kwafi wa'adi. Tun sigar 1997 akwai wani umarni mai suna Cache-Control da uwar garke ke liƙa wa amsarta, kamar rubutun da ake yi a bayan ambulan, wanda ke cewa a riƙe wannan kwafi na sakan kaza. Sakan 3,600 awa ɗaya ke nan, 86,400 kwana ɗaya, 604,800 mako guda. Kafin wa'adin ya cika, randa ba ta da dalilin waiwayar rijiya. Idan ya cika, sai ta aika tambaya ko an sami canji. In babu, a ba ta gajeriyar amsa mai lamba 304, ta ci gaba da abin da ke hannunta. In akwai, a ba ta sabo. Duk wani kwantai da mai karatu ya ci karo da shi, asalinsa ɗayan biyu ne: ko wa'adin da aka sanya ya fi ƙarfin maganar da ke cikin shafin, ko an yi gyara ba a sanar da randa ba.

Randa nawa ce a gidan?

Abin da ke rikita masu kula da shafi shi ne randar ba ɗaya ba ce. Jere suke tun daga hannun mai karatu har bakin rijiya.

Ta farko tana cikin wayar mai karatu, a cikin burauzar da yake buɗe shafuka da ita. Ta biyu tana hannun kamfanonin da ke rarraba kwafi a biranen duniya, irin su Akamai da aka kafa a 1998 da kuma Cloudflare, wanda ke da injina har a Legas. Ta uku tana ƙofar uwar garke, inda kamfanin da ke ba da hayar injin kan girka Varnish ko Nginx ko LiteSpeed, wani lokaci ba tare da mai hayar ya sani ba. Ta huɗu tana cikin manhajar shafin, a sigar wata ƙaramar manhaja da ake liƙawa don ƙara sauri. Ta biyar tana dab da rumbu, inda Redis ko Memcached ke riƙe amsoshin tambayoyin da aka fi yawan yi. Akwai ma wata a wajen gida: taƙaitaccen kanu da hoton da Facebook ke nunawa idan an yaɗa adireshi, wanda shi ma kwafi ne da aka ɗauka a wani lokaci da ya wuce.

Kowace daga cikinsu tana da agogonta da mabuɗinta. Mai kula da shafi zai iya latsa maɓallin wanke ma'ajiya, manhajar ta ce masa an wanke, ya tafi da kwanciyar hankali, alhali randa ɗaya kawai ya wanke cikin biyar.

Sai kuma tambayar da ɗalibin nawa ya yi ta nanatawa: me ya sa shi yake ganin sabo? Dalilin shi ne ya shiga shafin da sunansa da kalmar sirri, burauzarsa kuma tana ɗauke da wata 'yar shaida da ake kira kuki. An tsara yawancin ma'ajiyai su kauce wa duk buƙatar da ta zo da irin wannan shaida, su bar ta ta wuce kai-tsaye zuwa rijiya, don kada a ajiye abin da ya shafi mutum ɗaya a raba wa jama'a. Tsari ne mai kyau, sai dai sakamakonsa shi ne mai gyara shafi shi ne mutum na ƙarshe da zai san shafinsa ya yi kwantai.

Yadda ake bin sawu

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, wannan matsala ma tana barin sawu ga wanda ya san inda zai duba. Ga yadda muka bi ta a daren nan, kuma haka nake shawartar kowa ya bi.

Mataki na farko, ka zama baƙo a gidanka. Fita daga asusunka, buɗe tagar sirri ta burauza, ko ka ari wayar da ba ta taɓa buɗe shafin ba, a kan layin sadarwa daban. Idan baƙuwar waya ta ga sabo, tsohon yana maƙale ne a wayoyin waɗanda suka taɓa buɗewa. Idan ita ma tsohon ta gani, kada ka ɓata lokacin jama'a da cewa su goge tarihin burauzarsu. Matsalar tana ɓangarenka.

Na biyu, ka ƙara alamar tambaya da wasu haruffa a ƙarshen adireshin, ka sake buɗewa. Galibin ma'ajiyai da adireshi suke gane kwafi, don haka za su ɗauki wannan a matsayin abin da ba su taɓa gani ba, su je su ɗebo daga tushe. Idan sabuwar sanarwa ta fito ta wannan hanya, ka tabbatar da abu biyu a lokaci guda: gyaranka ya shiga rumbu, kuma akwai randar da ta tare hanya. Idan har yanzu tsohuwa ce, sai ka zargi ma'ajiyar da ke dab da rumbu, ko ma ka zargi kanka, domin ba sau ɗaya ba na ga wanda ya yi gyara a shafin gwaji yana zaton na gaskiya ne, ko ya adana rubutu bai latsa maɓallin wallafawa ba.

Na uku, ka karanta bayan ambulan. A kwamfuta, maɓallin F12 na buɗe kayan bincike na burauza, inda za a ga bayanan da suka rako shafin. Masu ƙwarewa kan yi amfani da 'yar manhajar curl. Abu uku ake nema. Layin Age yana faɗin sakan nawa kwafin ya yi a ajiye. Layin Cache-Control yana faɗin wa'adin da aka ba shi. Sannan yawancin ma'ajiyai kan bar tambarinsu: kalmar HIT na nufin daga randa aka ɗebo, MISS na nufin an je rijiya. A wannan dare mun tarar kwafin kwalejin ya haura sakan 250,000, wato kusan kwana uku, wa'adinsa kuma mako guda ne. Tambarin da ke jiki na kamfanin haya ne. Ashe wata biyu kafin nan an ɗaga su zuwa wani tsari mai ƙarin sauri, aka kunna musu ma'ajiyar da maɓallin wankewa na cikin manhajarsu ba ya kai wa gare ta.

Na huɗu, idan ka tashi wankewa, fara daga ciki ka fito waje. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Wanda ya fara wanke randar waje, nan take za ta koma ta cika kanta daga ta ciki mai tsohon ruwa, ta kuma sanya masa sabon wa'adi. Sai a fara da ta kusa da rumbu, sannan ta manhaja, sannan ta kamfanin haya, a ƙare da ta masu rarraba kwafi. Bayan kowane mataki a sake dubawa da baƙuwar waya, don a san wadda ke da laifi, kada gobe a sake lalube cikin duhu.

Na biyar, ka tuna magana ɗaya kan zauna a wurare da yawa. Sanarwar tana shafinta, taƙaitacciyarta tana shafin farko, tana jerin labarai, tana sigar da aka tanadar wa wayoyi. Adireshi mai www da maras shi ma kan iya zama kwafi biyu a idon ma'ajiya. Manhajoji da dama suna wanke shafin da aka taɓa ne kaɗai, su bar sauran. Mai karatu kuwa yawanci a shafin farko yake tsayawa.

Na shida, ka kula da fayiloli. Jadawalin jarrabawar kwalejin takarda ce ta PDF, ɗalibin nawa ya ɗora sabuwa da sunan tsohuwa. Hotuna da irin waɗannan takardu su ake ba wa'adi mafi tsawo, wani lokaci shekara guda. Ko ba a faɗi wa'adi ba, ƙa'ida ta yarda ma'ajiya ta yi kirdado, abin da aka saba ɗauka kuma shi ne kashi ɗaya cikin goma na tsawon lokacin da fayil ya yi ba a taɓa shi ba. Takardar da ta yi kwana 100 ba a canza ta ba, za a iya ɗaukar ta sabuwa har kwana 10. Abin da ya riga ya sauka a wayar mai karatu kuwa babu maɓallin da zai kai ka gare shi. Maganin yana da sauƙi: sabon fayil, sabon suna, zai fi kyau ma a sa kwanan wata a cikin sunan.

Abin da ya fi kwantai muni

Akwai wata fuskar matsalar da ta fi tsohuwar sanarwa haɗari, wato a ajiye abin da bai kamata a ajiye ba tun farko. Ranar 25 ga Disamba 2015, masu kutse suka yi wa Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve na Amurka, ambaliyar buƙatun bogi don su durƙusar da ita. Domin rage nauyi, aka gaggauta sauya ƙa'idojin ma'ajiya. Sabon tsarin ya yi kuskuren ajiye shafukan waɗanda suka shiga da asusunsu, ya riƙa miƙa su ga wasu. Na kimanin awa ɗaya da rabi, mutum kan buɗe shafi ya ga adireshin imel ɗin wani, da tarihin sayayyarsa, da adireshin gidansa. Kamfanin da kansa ya ce abin ya shafi kimanin mutum 34,000. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Duk mai riƙe da shafin duba sakamakon jarrabawa, ko na asibiti, ko na albashi, ya kamata ya ɗauki darasi. Shafin da ke ɗauke da sunan mutum ɗaya dole a liƙa masa umarnin private, wanda ke hana ma'ajiyar jama'a riƙe shi, ko no-store, wanda ke hana kowa ajiye shi. A yi hattara da umarnin no-cache, domin sunansa na yaudara: yana barin a ajiye kwafi, sharaɗinsa kawai a tambayi tushe kafin a miƙa.

A fasa randar ne?

Da muka gama gyara wajen ƙarfe ɗaya na dare, ɗalibin nawa ya ce shi dai gobe zai kashe duk wata ma'ajiya ya huta. Na hana shi. Ranar da za a saki sunayen waɗanda suka ci jarrabawa, dubban mutane za su afka wa shafin a lokaci guda. Ƙaramar uwar garken haya ba za ta iya ɗinka wa kowa nasa shafin ba. Za ta durƙushe, a rasa tsohon a rasa sabon.

Lissafin da zai kwantar da hankali shi ne gajeren wa'adi ma yana aiki. A ce mutum 6,000 sun buɗe shafin sanarwa cikin minti ɗaya. Idan wa'adin kwafin sakan 60 ne, sau ɗaya ko biyu kawai za a je rijiya a wannan minti, sauran duk daga randa za su sha. An sauke wa injin kusan dukkan nauyin, mafi munin abin da zai faru kuma shi ne wani ya ga maganar da ta tsufa da minti ɗaya. Ƙara wa'adin zuwa mako guda ba ya ƙara wani sauƙin kirki a irin wannan rana, sai dai ya ninka tsawon kuskure. Tambarin makaranta da hoton ƙofar shiga a ba su shekara in an so. Shafin sanarwa kuwa minti ya ishe shi.

Hukuncin na wane ne?

Akwai wani zance da ya yi suna a tsakanin masu rubuta manhaja, wanda ake jingina wa Phil Karlton, tsohon injiniya a kamfanin Netscape, cewa abu biyu ne kaɗai masu wuya a ilimin kwamfuta: sanin lokacin da ya kamata a zubar da abin da aka ajiye, da kuma raɗa wa abubuwa suna. A fahimtata, abin da ya sa na farkon ke da wuya shi ne amsarsa ba ta cikin injin. Inji ya san sakan nawa kwafi ya yi, amma bai san hukumar makaranta ta zauna ranar Laraba ba.

Tsawon ran magana abu ne da mai maganar ya fi kowa sani. Mun ga yadda da asubahin 16 ga Fabrairu 2019, 'yan sa'o'i kafin buɗe rumfuna, hukumar zaɓe ta INEC ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa zuwa 23 ga wata, bayan mutane da yawa sun riga sun yi tafiya zuwa garuruwansu. Muna kuma ganin yadda a daren duban wata, sanarwar fadar Sarkin Musulmi ke sauya shirin miliyoyin gidaje cikin minti kaɗan. A irin waɗannan darare, kwafin da ya yi awa ɗaya ya riga ya zama tarihi. Edita ya san wannan, magatakardan makaranta ya san wannan, amma ba a tambayarsu. Adadin da ke yanke hukunci kan abin da jama'a za su gani, sau da yawa wani ma'aikacin kamfanin haya ne a wata nahiya ya sanya shi, don ya dace da dubban shafukan da ba su da alaƙa da juna.

Abin ya shafi gidajen jarida kai-tsaye. Idan an buga labari da kuskure a kan mutum, aka gyara a rumbu, amma tsohon kwafin ya ci gaba da yawo na kwanaki, wanda aka ɓata wa suna ba ruwansa da abin da edita ke gani a allonsa. Gyaran da bai isa ga mai karatu ba, ba a yi shi ba tukuna.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantu, editoci, da jami'an yaɗa labarai na ma'aikatu, su karɓi wannan hukunci a hannunsu. Ba sai sun iya rubuta manhaja ba. Su zauna da mai kula da shafi, su jera shafukansu, su faɗa masa wanne ne zai iya jiran kwana, wanne ne ba zai iya jiran minti biyar ba. Su nemi a rubuta musu jerin duk ma'ajiyar da ke tsakaninsu da mai karatu, da wanda ke riƙe da mabuɗin kowace, kada mabuɗin ya zauna a hannun mutum ɗaya da zai iya tafiya biki ya kashe waya. Su nemi a haɗa tsarin yadda latsa maɓallin wallafawa zai wanke dukkan randunan da kansa, har da shafin farko. Su sa a riƙa rubuta rana da lokacin gyara na ƙarshe a saman kowace sanarwa. Sannan su mayar da shi doka cewa ba a ce an gama gyara sai an gani da ido a wayar da ba ta ofis ba. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski: wanda ya ce wa jama'a su riƙa duba shafinsa, ya ɗauki alhakin abin da suka tarar a can.

Mai karatu ma yana da ɗan abin yi. Kafin ka biya kuɗin mota saboda abin da ka gani a shafi, duba kwanan watan da ke jikinsa, sake loda shi, buɗe shi a tagar sirri, in da hali ka kira wani da ke wurin. Hoton allo da aka turo maka a WhatsApp kuwa randa ce da ba ta da wa'adi ko kaɗan, domin ba wanda zai taɓa wanke ta.

Washegari da safe ɗalibin nawa ya je bakin ƙofar makarantar ya ba baƙin haƙuri, hukumar kuma ta yi abin da ya kamata, ta biya musu kuɗin motar komawa. Ya ce mini da ya fara yi wa dattijon nan bayanin ma'ajiya da wa'adi, sai dattijon ya dakatar da shi ya ce, “Ɗana, ni ban san wannan ba. Ka dai faɗa mini, in na sake gani a waya, in taso ko kada in taso?”

Ita ce tambayar da duk mai shafi ya kamata ya iya amsawa ba tare da in'ina ba. Mu haɗu a mako mai zuwa.